Shekarar Cindon Balkisa

Balkisa, wannan babin naki ne, ƙannenki su karanta in sun ga dama. Ranar walimar auren Sani, kina tsaye a kicin ɗina na Bron, nan gefen Lyon, kina yanka albasa, na ji kina gaya wa amaryar ƙanenki wai Mama ta bar miki yatsa na shida ne don ta samu abin nazari a gida, ba sai ta je labo, ɗakin bincikensu, ba. Kuka yi dariya. Ni ma na yi, don akwai baƙi. Amma maganar ta tsaya mini a ƙirji, kuma na san ba ranar kika fara faɗinta ba, kin daɗe kina jefa ta cikin wasa, irin wasan da ba wasa ba. To, tunda na ajiye aiki na samu sarari, zauna ki ji yadda aka yi. Ba haƙuri zan ba ki ba, kin dai san hali.

Ni ma da cindo aka haife ni, a hannu biyu. Ku da kuka tashi a Faransa sai an fassara muku: cindo shi ne ƙarin yatsan da ke fitowa a gefen ƙaramin yatsa. A Damagaram ba abin kallo ba ne, da wuya ka ratsa unguwa ba ka ji ana kiran wani Cindo ba. Nawa 'yan mitsi-mitsi ne, babu ƙashi, suna reto a jikin fata kamar ƙwayar gyaɗa. Kafin ranar suna ungozoma ta ɗaure su da gashin wutsiyar doki, suka bushe suka faɗi, kakata ta binne su a bayan ɗaki. Abin da ya rage mini shi ne ɗan tudun nan da kuke latsawa kuna yara, sai kuma sunan, don har na yi aure ba mai kirana Rakiya a gidanmu. Tudun nan ya hana ni sakat tun ina ƙarama. Me ya sa ni, ban da yayata? Me ya sa gefen ƙarami, ban da gefen babba? In na tambayi kakata sai ta ce Allah ne ya yi. Wata rana na ce mata ai na san Allah ne, abin da nake tambaya, ta yaya ya yi? Na sha ranƙwashi. Ta ce bin ƙwaƙƙwafi ne ajalin wannan yarinya. Bai kashe ni ba dai, shi ya kai ni jami'a a Yamai, daga can ya kawo ni Lyon karatun halittu.

A Lyon na faɗa hannun Madam Hilda. Kin san ta tana tsohuwa mai kawo miki biskit, ba ki san ta a wurin aiki ba. 'Yar Ingila ce, doguwa, busasshiya, kullum cikin takalmin hawan dutse, a kan keke take zuwa ko ruwa ake ko ƙanƙara. Faransancinta kuwa, Allah ya jiƙanta da abin da ta shuka, ta shekara da shekaru a ƙasar amma in ta buɗe baki sai Faransawa su runtse ido. 'Yar ƙauye ce, a gonar ubanta ta tashi cikin kaji da tumaki. Ta fara bincike tun zamanin da ba wanda ya iya karanta ƙwayoyin gado, wato saƙon da iyaye ke miƙa wa 'ya'ya a cikin jini da tsoka. Abin da take da shi a lokacin ƙwan kaza ne da allura da madubin girmama ƙananan abubuwa, a wani ɗaki mai sanyi ƙarƙashin bene. Da sababbin dabaru suka fito aka fara cewa aikin ƙwai ya zama tsohon yayi, sai ta tattara, da furfurarta, ta tafi Amurka ta zauna cikin yaran da ta isa haifa tana koyo daga farko. Da ta dawo ba ta samu kujerar da take so a ƙasarsu ba, Lyon ta ba ta labo nata na kanta, ta zo. Duk yawon nan tambaya ɗaya take bi: ɗan tayi a ciki, hannunsa yana fara tsirowa ne kamar ɗan ƙulli, ko'ina iri ɗaya. Wa ke gaya wa wannan gefe ya zama babban yatsa, wancan ya zama ƙarami, kuma wa ke cewa a tsaya a biyar?

Ranar da na fara zuwa wurinta na miƙa hannu mu gaisa, sai ta riƙe hannun ba ta saki ba. Ta juya shi, ta shafa tudun da yatsanta. Na ji haushi, na ce a raina wannan wace irin marar ta-ido ce.

"Me ke nan da?" ta ce.

"Cindo," na ce, don ban san sunansa da Faransanci ba.

"Kalma ɗaya? Kuna da kalma ɗaya kawai don wannan?"

Ta sa na maimaita har ta iya. Ta ce su a harshensu sai wani dogon sunan likitoci mai kama da sunan cuta, mu kuwa ga shi har muna raɗa wa yara. Na gaya mata tambayar da ta jawo mini ranƙwashi. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ita ma tambayarta ke nan, ba ta samu mai ranƙwashinta ba ne kawai. Ta ce in zo Litinin.

Aikin kuwa, Balkisa, ban taɓa jin daɗin wani abu kamarsa ba, ban da ku. A ɗauki ƙwai mai kwana kaɗan a ɗumi, a yanka 'yar taga a ɓawon, a leƙa. Ga ɗan tsako bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, zuciyarsa tana bugawa, ja wur. Ranar farko da na gani sai da na yi salati a fili, ɗaliban da ke gefe suka waiwayo. Da allura wadda ta fi gashi siranta za ki yanko ɗan ɓarɓashin nama daga bayan tsiron fiffike, ki dasa shi a gaba, ki liƙe tagar da sikoc, wato salatif, ki mayar ɗumi. Bayan kwanaki ki buɗe, sai ki ga fiffiken ya fito da yatsu ninki biyu, suna fuskantar juna. Wato ɗan gefen nan shi ke aika saƙo, na kusa da shi su ji da ƙarfi, na nesa su ji sama-sama, kowa ya san abin da zai zama. Na ɓata ƙwai ba adadi kafin hannuna ya saba. Muna kuma da ɓeraye masu ƙarin yatsa, Madam ta raɗa musu suna cindo. Ki lura, tun ba a san za a haife ki ba aka sa musu sunan, don na san wannan ma yana cikin ƙorafinki. Sai dai ƙarin yatsan ɓerayen a gefen babba yake. Namu na mutanen gida a gefen ƙarami yake, kuma ba wanda ya san dalili. An ɗebi jinina an duba duk wuraren da ake zato, ba a ga komai ba. Wannan ya zama tambayar digirina na dokta.

Abbanku a lokacin yana Paris, a shagon shadda da atamfa na Château Rouge, sai Juma'a da yamma ya biyo jirgin ƙasa ya sauko Lyon, ko ni in hau. In na hau, dole mu je gaida Goggo Indo a La Courneuve, can gefen Paris, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta riƙe shi tun yana yaro, tana zaune a gidan ɗanta. Ita ta raɗa wa Madam suna Uwar Ƙwai. Bayan an gama gaisuwa, an tambayi sanyi da gajiya da mutanen Lyon, sai ta tambaye ni kaji nawa muka ƙyanƙyashe. In ce ba ma barinsu su ƙyanƙyashe. Sai ta tafa hannu ta ce an turo yarinya Turai ta koyi asarar ƙwai. Wani lokaci kuma ta murtuke ta ce kada dai gyara wa Ubangiji halitta muke. In ce Goggo wa ya isa, leƙe kawai muke. Muna yi da ita sosai, amma ina sonta, ita ma tana sona, ba mai shiga tsakaninmu.

A cikin wannan hali na samu cikinki. Kowace mai ciki tana lissafin watanni, ni kuwa na san makon da hannuwanki ke tsirowa, ina zaune a tram, jirgin nan na cikin gari, ina cewa yanzu ana raba yatsu. Duk hoton cikin da aka ɗauka kin dunƙule hannu, taurin kai tun daga nan. Ranar da kika faɗo, ungozomar asibiti ta kama hannunki na hagu tana ƙirga yatsu, ta tsaya, ta sake ƙirgawa, ta ɗago ido tana neman kalmar da za ta lallashe ni da ita. Ni kuwa dariya ta kama ni, ga zafin haihuwa ga dariya. Na ce ta miƙo mini ke. Tubarkalla, ba irin nawa ba ne. Cikakken yatsa ne, da ƙashinsa da gaɓarsa da ɗan farcensa, na sa miki yatsana a tafi kika damƙe da duka shidan. Na yi murna har na yi hawaye. Kuma zan faɗa miki gaskiya, a bayan murnar nan, ko numfashi ban gama saukewa ba, wata zuciyar ta ce: ikon Allah, nawa babu ƙashi, nata da ƙashi, me ya canja a hanya?

Kwana biyu da sallamarmu Goggo ta sauka a Bron da buhunta, garin gero da kanwa da yaji da busasshen ganyen wanka da ta samo a Château Rouge. Ta yi mini wankan jego a bahon gidan haya har maƙwabcin ƙasa ya hau yana tambaya ko bututu ne ya fashe. Wata safiya bayan ta yi miki wanka ta shafe ki da mai, sai na ga ta ciro baƙin zare daga jakarta tana murzawa a cinya. Na ce Goggo mene ne wannan? Ta ce abin da aka yi mini za a yi miki, kafin suna, kada jama'a su zo suna ƙirge. Na ce wannan da ƙashi, zare ba ya yanke ƙashi, ruɓewa zai yi ya ja wa yarinya ciwo. Ta ce yaushe aka haife ni. Muka yi ta yi har Abbanku ya ce a je a tambayi likita. Likitan ya goyi bayana: ba zare. Ya ce in ana so a cire, tiyata ce ƙarama, amma sai kin kusa shekara saboda allurar barci, kuma ba dole ba ne, yatsan lafiyarsa lau, zaɓin iyaye ne. Goggo ta mayar da zarenta jaka, ta ce to a cire ɗin, amma a ba ta abin ta binne, don jikin ɗan Adam ba shara ba ne, ko a tukunyar furen baranda ne za ta sa shi. Abbanku ya ce a cire. Ni na riga kowa cewa a cire. Aka sa rana, kowa ya koma harkarsa.

Yanzu ki ji dalilin da ya sa na riga kowa. Jini yana ba ka saƙon gado gaba ɗaya, amma ba ya gaya maka wane ɓangare yatsa ya ji ya yi aiki da shi. Don sanin wannan sai da naman yatsan kansa, da ransa, a raya shi a kwalba. Wanda aka ɗaure da zare bushewa yake, ba ya amfani. Cikakke mai ƙashi irin naki ba kasafai ake samu ba, balle a ce ga jinin uwar a firji an riga an bincika. Abin da na tsallako hamada da teku ina nema, ga shi yana kwance a cinyata yana shan nono. Da na koma aiki na gaya wa Madam, sai da ta ajiye allura, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce sai an nemi izinin kwamitin da ke duba irin wannan, kuma sai ni da Abbanku mun yarda. Na gaya wa Abbanku ɗan ƙanƙani kawai za a ɗiba, in asibiti ta yarda sauran a ba Goggo. Ya ce ni na san wannan fanni, in ba zai cutar da ke ba ya yarda. Izini ya fito. Na haɗa ruwan da za a saka naman, ruwan hoda ne, na ajiye a firjin labo, na shirya akwatin ƙanƙarar da zan ɗauko shi daga asibiti.

Watannin nan kina girma, yatsan yana girma tare da ke. Da shi kika fi son kama ɗankunnena. In kina jin barci shi kike tsotsa, ba babban yatsa ba kamar sauran yara. Ni kuwa in ina shayar da ke sai in tsinci kaina ina lanƙwasa gaɓar, ina laluben inda ƙashin ya haɗu da na tafin hannu, ina ayyana inda wuƙa za ta bi. Ban ga aibun haka ba a lokacin, na ce ai sanin aiki ne. Da Sallah ta zo Goggo ta sake saukowa. Tana zaune a falo tana goye da ke na kira asibiti a waya, ina roƙon ko za a matso da ranar, don akwai taron masana da nake so in je da sakamako. Goggo ba ta jin Faransanci sai na cefane, amma tana jin murya. Da na ajiye ta tambayi me ake ciki, na gaya mata.

"Ikon Allah," ta ce. "Ke da kika hana ni zare kamar za ki cinye ni, yau kin fi kowa ɗokin wuƙa. Rakiya, don yarinyar kike wannan sauri, ko don Uwar Ƙwai?"

Na ce haba Goggo, na kawo dalilai, kuma dalilan gaskiya ne: yaro ƙarami ya fi saurin warkewa, ba zai tuna ba, yara a makaranta ba su da tausayi. Ta ce to, ta ci gaba da jijjiga ki. Maganar nan ta bi ni har labo. Na samu Madam a kan madubi, na tsaya a kanta, na ce ina so ta gaya mini tsakani da Allah, ya kamata a cire yatsan nan? Ta ɗago ta dube ni.

"Kada ki tambaye ni," ta ce. "Ina son yatsan nan fiye da komai a ɗakin nan. Duk amsar da zan ba ki, son ne zai yi magana."

Na ce to wa zan tambaya?

"Ki cire labo daga kanki. A ce ke mai sayar da atamfa ce. Me za ki yi?"

Na yi mako ina gwadawa. Wallahi na kasa. In na ce a cire, sai in ji daɗi ya tsarga mini, ban san ko daɗin uwa ba ne ko na mai bincike. In na ce a bari, sai in ji zafi, ban san ko tausayinki ba ne ko asarar kwalbata. Dalilan cirewa suna nan, dalilan bari ma suna nan: yatsa lafiyayye, yana aiki, ba ya ciwo, ga allurar barci a jikin jaririya. Da wata uwar ce ta zo mini da maganar, da na auna mata su daidai. Amma ni hannuna yana kan sikeli, kuma na rasa yadda zan ɗauke shi. Goggo tana so a cire don idon jama'a, Madam don tambayarta, Abbanku don a zauna lafiya, ni don abin da ban iya rarrabewa ba. Na duba duk gidan, mutum ɗaya ne kawai zai iya cewa a cire ko a bari ba tare da wata riba ba, kuma ba ta iya magana ba tukuna. Sai na kira asibiti na soke ranar, na je firji na zubar da ruwan hodar a wurin wanke hannu.

A La Courneuve na faɗa musu, ranar Lahadi, ana cin tuwo. Na ce za a bar yatsan har ki yi wayo ki zaɓa da kanki. Goggo ta tsame hannu daga kwano. Ta ce yaushe aka fara shawara da jarirai? Ta ce yarinya mace ce, ranar da za a sa mata lalle duk matan gari za su ƙirga. Na ce su ƙirga, za su samu ƙari, ba ragi ba. Wannan bakin nawa, da na riƙe shi.

"Kin hana ni, kin hana likita," ta ce. "To ki riƙe 'yarki. Ni na cire hannuna."

Kuma ta cire. Haihuwar Sani ba ta zo mini jego ba, ni na dama kununa, ina damawa ina kuka. Shekaru ba ta taka Bron ba, sai da ciwon ƙafa ya kwantar da ita na je na yi jinyarta muka shirya, ba tare da ɗayanmu ta janye maganarta ba. Abbanku a jirgin dawowa ya ce da na ce a cire ya yarda, yanzu na ce a bari ya yarda, amma duka biyun bai gane ba, kuma shi aka bari a tsakiya. Gaskiyarsa. Ya sha ɗawainiyar kai gaisuwa da kawo gaisuwa tsakanin mata biyu masu taurin kai.

Madam kuwa da na gaya mata, ta cire tabarau ta goge, ta ce kaico, da irin Faransancin nan nata.  Sannan ta tambayi faɗin tafin hannunki. Kafin sanyi ya shigo ta kawo safar hannu ta ulu da ta saƙa da kanta, ta dama mai yatsu biyar, ta hagu mai shida, don ta san ba shagon da zai sayar mana. Kowace shekara sai ta saƙa wata, har bayan ta ajiye aiki ta koma ƙauyensu tana noman wake, ta gidan waya suke zuwa. Ke kin ɗauka mai bincike ce ke bibiyar abin bincikenta. Ba ta sake tambayata yatsan ba ko sau ɗaya, ko hotonsa ba ta nema ba. Digirina ya koma kan ɓeraye, ya ci mini ƙarin shekaru, ya fito ba yabo ba fallasa, na kama koyarwa a nan Bron. Maganar gefen babban yatsa, wasu masana sun warware da yawa daga cikinta, har da gudummawar Madam, aka karrama ta kafin ta rasu. Ta gefen ƙarami, irin tamu, har yau ba a gama ganewa ba. Wataƙila da an cire ma ba a samu komai ba, haka bincike yake. Amma ban sani ba, kuma rashin sanin nan yana cizona.

Ke ma kin biya, ban manta ba. Na tuna ranar da kika dawo daga makaranta kin ce ana kiranki gizo-gizo. Kina shekara shida na tambaye ki ko a cire, kika ɓoye hannu a baya kika ce naki ne. Da kika fara zama budurwa kika shekara guda hannun rigarki a ja har ƙasa, ko zafi ake. Na sake tambaya, muna wanke kwanoni. Kika dube ni kika ce, don in kai labo? Na yi shiru, kika ɗauki shirun a matsayin amsa, kika fasa cirewar, don ki hana ni. Shirun ba na abin da kike zato ba ne. Na rasa yadda zan ce miki a'a alhali ina so, ko in ce ina so ba tare da kin ji kamar na haife ki don kwalba ba. Yarinya mai shekara goma sha uku ba za ta ɗauki wannan ba, na bar ki da fushinki don ya fi sauƙi. Yanzu kin girma, kin wuce shekarun da nake da su lokacin da na haife ki, za ki iya ɗauka.

Sani ya tsegunta mini kin ga likita a Paris, an sa miki rana bayan Sallah, kuma kin ce kada a gaya mini. To na ji. Ban da ta cewa, ranar nan nake jira tun kina goye, ranar da mai abu za ta yi magana. In kin cire, madalla. In kin je ƙofar asibiti kin juyo, madalla. In kina so zan hau jirgi in raka ki, in riƙe miki jaka, in dama miki kunu. Abu ɗaya nake roƙo. In likita ya tambayi me za a yi da yatsan, kada ki waiwayo ki dube ni. In sun yarda su ba ki, ki karɓa da hannunki, ki binne shi yadda Goggo ta so, kuma kada ki gaya mini wurin. Labon yana nan, yaran da na koyar ne a ciki, kira ɗaya zan yi su buɗe mini firji. Ni kuwa, Balkisa, har yau ina so in sani.